Muhawara: Ka kama kifi da hannunka, sannan ka mai da shi ruwa?

Baban Ilham (Nashbil): Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na sa hoton nan jiya ake ta bi na ta bayan fage ana tambayar wane irin kifi ne, to gara in amsa a nan kowa ya gani. Bas ake ce masa, irin mai ƙaramin baki. A wani rafi na kama shi da ke zuba cikin kogin Harpeth, kudu maso yamma da Nashbil, nan jihar Tenesi ta Amurka. Rafin ba wani babba ba ne, galibi ruwan iya gwiwa ne, sai jefi-jefi ka tarar da gurbi mai kai wa ƙugu. Ƙasan duk falalen dutse ne da tsakuwa, ruwan kuma garau, kana hango takalminka.

Ba daga gaɓa ake kamun ba. Shiga ruwan ake yi, ka riƙa takawa a hankali kana haurawa wajen da ruwan ke gangarowa. Dalili kuwa, kifin yana laɓewa ne a bayan dutse, kansa na fuskantar ruwan da ke zuwa, yana jiran abin da zai kawo masa. In ka zo ta bayansa ba zai gan ka da wuri ba, lakar da ka tayar kuma baya za ta yi. Amma ka kuskura inuwarka ta faɗa cikin gurbin, shi ke nan, kifi na ganinka mai jar koma.

Ba na sa tana ko hanjin kaza a ƙugiya. Wata 'yar roba ce da aka yi ta da siffar wani ƙwaron ruwa mai 'yan hannuwa, dangin jatan lande, wanda shi ne babban abincinsa a irin wannan rafi. Za ka jefa ta gaba da dutsen kaɗan, ka bar ruwa ya mirgino ta a ƙasa, yatsanka na kan zare. Abin da za ka ji ɗan ƙwanƙwasa ne guda, tik. Kana fizga sai ya yi sama, ya fito daga ruwa ɗungurungum yana girgiza kai don ya yar da ƙugiyar. Wannan na hoton bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, amma sai da hannuna ya gaya mini.

Na cire ƙugiyar, na ɗau hoto, na mai da shi ruwa ya kama gabansa.

Maman Sadik (Kano): Wa alaikumus salam. Ina biye da kai tiryan-tiryan har na zo layin ƙarshe. Ka mai da shi ina? Baban Ilham, lafiya dai ko? In Maman Ilham ce ba ta son ƙarni ka faɗa mana, akwai lemon tsami da citta.

Ɗan Haɗeja: Hajiya, ƙoshi ne. Mutum ya jiƙa wando tun asuba, ya sha cizon sauro, ya kama nama da hannunsa, sannan ya yi masa sallama. Wallahi da a garinmu ka yi haka sai an kai ka wajen masu ruƙiyya.

Baban Ilham (Nashbil): Hahaha, na san za a rina. Ba doka ce ta hana ni ci ba. Ina da lasisi, don a nan baligi ba ya jefa ƙugiya ko a ɗan rafi sai da shi, kuma jami'an kula da namun daji suna iya tare ka a bakin ruwa su ce ka nuna. Ƙa'idar jihar ta ba ka damar tafiya da bas har 5 a rana, wasu ruwayen kuma suna da ƙarin sharaɗi na tsawon da kifi zai kai kafin ka ɗauka. Abin da aka hana shi ne sayarwa. Bas ɗin da aka kamo a rafi ko tafki ba ya shiga kasuwa, Hajiya, ko kin zo da bahonki ba mai sayar miki.

Sakin al'ada ce ta masu kamun, kuma ba tsohuwa ba ce. A 1932 wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama bas mai babban baki a tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya, nauyinsa ya kai kilo 10. Har gobe wannan kamu yana cikin littafin bajinta na duniya. Kun san abin da ya yi da shi? Lokacin talauci ya yi katutu a Amurka. Aka auna, ya kai gida, aka soye, iyali suka cinye. Abin ya fara canjawa ne da wani ɗan Alabama, Ray Scott, wanda ya shirya gasar kamun bas ta kuɗi a tafkin Beaver a jihar Arkansas a 1967. Da farko 'yan gasar suna tara matattun kifi ne tuli a wajen awo, mutanen gari suna kallo suna jin haushi, wai baƙi sun zo za su ƙarar musu da ruwa. A 1972 ya fara yekuwar a daina kashe abin da aka kama. Aka riƙa yi wa jiragen kamun akwatin ruwa da kifi zai zauna da ransa har a auna shi, wanda ya kawo matacce kuma a rage masa maki. Daga gasa abin ya bazu cikin sauran jama'a.

Ni dalilina ba ya wuce wannan: a ƙaramin rafi kifin nan ba ya saurin girma. Wanda na kama ya haura shekara 5 a duniya. Kowane gurbi manyan da ke cikinsa ba su da yawa. In kowa ya zo ya ɗebi 5 ɗin da doka ta ba shi, bazara ɗaya ta isa a share rafin.

Maman Sadik (Kano): To ka ga shi wancan na 1932 shi ne mai hankalin cikinku. Ni sana'ata ke nan, suyar kifi, kuma da ita na aurar da 'ya'ya. Abin da nake soyawa yanzu kifin ƙanƙara ne da tarwaɗar kiwo. Giwan ruwa na kogi sai ka yi wata ba ka sa shi a ido ba, in ya zo kuma masu otal sun riga ka. Sai kuma in ji wai akwai inda ake kamawa ana saki. Allah mai iko.

Malam Na-Zariya: Assalamu alaikum. Na ga ana ta raha, amma akwai ɓangaren da ya kamata mu duba. Kamun kifi halal ne babu ja, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana farautar ruwa da abincinsa. Matsalar tana wajen niyya. A Risala, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Sannan akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

Saboda haka ni ina rarrabe abu biyu. Wanda ya fita neman na miya, ya kama ƙarami ya sake shi don ya girma, ko doka ta ce a saki, wannan bai yi laifi ba, ya ma kyauta. Amma wanda ya fito daga gida da niyyar ya soka wa dabba ƙarfe a baki, ya ja ta har ta galabaita, don kawai ya ji daɗin fizgar, sannan ya sake ta da rauni, to ina ganin ya shiga wancan babi na wasa. Ban ce haram ba. Wannan fahimtata ce, Allah ne mafi sani.

Maman Sadik (Kano): Yau dai Bazazzage ya faɗi magana mai kan gado. A rubuta ranar.

Malam Na-Zariya: Hajiya, ai mu muka koya muku karatun. Ku dai ku ci gaba da auna mana kifi da ƙaramin mudu.

Ɗalibin Kifi (New Bussa): Allah gafarta Malam, za ka yi mamaki in na ce maka Jamusawa suna bayanka. Dokarsu ta kare dabbobi ta hana a wahalar da dabba mai ƙashin baya ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, kuma ci shi ne babban dalilin da suke karɓa a wajen mai ƙugiya. Wanda ya fita da niyyar duk abin da ya kama zai saki bayan ya ɗau hoto, ana iya gurfanar da shi. Suwizalan ma ta hana kamu da niyyar saki. Wato abin da Ba'amurke yake gani tausayi ne da tattali, Bajamushe yana ganinsa cutar da dabba ne.

Baban Ilham (Nashbil): Allah gafarta Malam, na ji kuma na gode. Amma ba hannu rabbana nake komawa gida ba. A rafin nan akwai tarwaɗa, akwai kuma wani ɗan faffaɗan kifi mai yanayin karfasa da ke hayayyafa ba kama hannun yaro. Su nake sa wa a jaka, Maman Ilham ta soya. Bas ɗin ne nake saki, musamman manya.

Kuma sakin yana da ladabinsa. Ina matse ɗan ƙayar da ke jikin ƙugiya da filaya tun a gida, ta yadda za ta zare ba tare da ta yaga baki ba. Kafin in taɓa shi sai na jiƙa hannu, don busasshen hannu yana goge yauƙin jikinsa, yauƙin nan kuwa shi ke kare shi daga cuta. Ana riƙe shi ne ta leɓen ƙasa, babban yatsa a cikin baki, ɗaya hannun ya tallafi cikinsa. Ba shi da haƙora masu yanka, sai wani kaushi da ke kankare fatar yatsa in ka kama da yawa. In ya haɗiye ƙugiyar har ciki ba na tono, zaren nake yankewa. In kuwa na ga jini na fita ta kunnuwansa, na san ba zai kai labari ba, sai ya bi ni gida.

Akwai kuma wani abu. Bas kifi ne mai cin 'yan uwansa, saboda haka duk dattin da ke cikin ruwa, irin su sinadarin makuri, wato zaiba, a jikinsa yake taruwa, kuma babba ya fi ƙarami tarawa. A wasu ruwayen jihar nan hukuma tana kafa allo a bakin ruwa tana gargaɗin masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara kada su ci wasu kifayen wurin. Ga Ilham da ƙannenta a gida, ban ga dalilin da zan kai musu tsohon kifi ba.

Malam Na-Zariya: To in haka ne abin ya yi sauƙi, tunda fitar taka akwai neman abinci a ciki. Sai dai tambaya ɗaya, kuma kai za ka ba kanka amsa ba mu ba. Ka ce 'yar robar da kake jefawa an yi ta ne da siffar abincin bas. Wato shi kake nufi da ita, ba tarwaɗar ba. Ran da ka cika jaka da na miya, kana naɗe zare ka tafi gida, ko kana ci gaba da jefa wa wanda ka san ba za ka ci ba?

Baban Ilham (Nashbil): Ina ci gaba, Malam. Ba zan ɓoye ba.

Ɗan Haɗeja: Malam ya kama babban kifi, kuma da alama ba zai saki ba.

Ɗalibin Kifi (New Bussa): Yaya Baban Ilham, bari in ƙara maka wani nauyin ta ɓangaren karatunmu. Ganin kifi ya yi iyo ya tafi ba ya nufin ya tsira. Wani sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake mutuwa, kai kana gida kana nuna hoto. Abin ya fi muni lokacin zafi, don ruwa mai ɗumi iskar da ke cikinsa kaɗan ce, kifin da aka daɗe ana ja da shi kuma jikinsa ya riga ya ƙone da gajiya.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, lokacin ƙwai. A wajenku wajen Afrilu zuwa Mayu ne, idan ɗumin ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18. Namijin ne ke share wuri a kan tsakuwa da wutsiyarsa ya yi gurbi, mace ta zuba ƙwai ta yi tafiyarta, shi ya tsaya gadi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fara yawo. A wannan lokaci duk abin da ya gitta ta gurbin sai ya kai masa cafka, ba don yunwa ba, don kora. Shi ya sa kama shi ba wuya. To 'yan mintocin da za ka ɗauke shi ka cire ƙugiya ka ɗau hoto, waɗannan ƙananan faffaɗan kifayen da kake soyawa sun afka wa ƙwan. Ka saki uba, amma ka kashe ɗaruruwan 'ya'ya.

Na uku, ba ko'ina sakin yake gyara ba. A ƙananan tafkuna da kududdufan gona, inda kowa ke saki ba mai ɗauka, bas mai babban baki yakan yi yawa har abinci ya gaza, sai a samu tarin kifi masu ƙaton kai da siririn jiki, ba mai girma. A irin wannan wuri masana cewa suke yi a ɗebi ƙananan a ci, a bar manya.

Baban Ilham (Nashbil): Ƙanena, maganar gurbin ƙwai gaskiya ce, kuma ko a nan ana jayayya a kanta sosai. A ruwa garau irin na rafin nan kana ganin gurbin da idonka, wani farin da'ira a kan tsakuwa, namijin na shawagi a kai. Ni in na gani kewayewa nake yi, ko takawa ba na yi kusa. Amma akwai masu neman irin wannan da gangan, har da tabarau na musamman mai kashe ƙyallin ruwa, kuma a jihar nan doka ba ta rufe kamun a lokacin ba.

Baba Ɗan Kabi (Argungu): Salamu alaikum. Na bari yara su gama tukuna. Ɗana na Amurka, kihin da kac ce shi ne na ɗaya a duniya kilo nawa ne? 10? Ga bikin Argungu na 2020 giwan ruwan da ya ci gasa kilo 78 ne, kuma da homa da gora anka fiddo shi, ba sanda mai inji. Wanga naku ko ga yara munka ba shi sai sun raina.

Amma bari in hwaɗa muku abin da ni gani. Sakin kihi ba baƙon abu ba ne gare mu. Ni na tashi na iske in an jawo taru, tsohonmu na tsaye yana tsince ƙanana yana jehwa su ruwa, yaron da ya ɓoye ɗaya ga aljihu kuwa sai ya sha rankwashi. Sai dai mu ba mu ɗauki saki a matsayin tattalin ruwa ba. Tattali shi ne a ƙyale ruwa ya huta. Gulbin Matan Fada da kuke gani ga talabijin, mutane dubbai sun afka cikin sa'a guda suna fiddo manyan kihi, kun san mi ya sa ake samun su? Don an hana su a wurin tsawon shekara. Sarkin Ruwa na tsare da shi, ba mai jefa ko ƙugiya. Bikin da kuka sani tun 1934 yake, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, amma hana ruwa da buɗe shi ya girmi bikin nesa ba kusa ba.

To ku can kun ƙi barin ruwa ya huta. Kullum kuna ciki, rani da damina, har da lokacin da kihi ke bisa ƙwai, kuna soka kuna saki, kun ce tattali ne. Ni ban ga hutu ga wanga ba.

Baban Ilham (Nashbil): Ranka ya daɗe Baba, maganarka dutse. Giwan ruwa kam ba sa'an bas ba ne, irin nawa mai ƙaramin baki ma mafi girman da aka taɓa kamawa bai kai kilo 5 da rabi ba, a tafkin Dale Hollow a 1955. Abin da zan ce kawai, a nan mutumin da ke shiga ruwa kullum ɗin nan shi ne mai biyan kuɗin kula da ruwan. Tun 1950 akwai dokar tarayya da ta sa haraji a kan kayan kamun kifi, sanda da ƙugiya da sauransu, ana raba kuɗin ga jihohi bisa girman jiha da yawan masu lasisinta, kuma a kan harkar kifi kaɗai ake kashe su. Da su da kuɗin lasisi ake biyan masu binciken ruwa, ake gyara mashigar jirage, ake ƙyanƙyasar kifi. In ka rufe ruwa ka kori mai ƙugiya, ka kori mai biya. Shi ya sa suka fi son su bar shi ya shiga amma su ɗaure masa hannu.

Baba Ɗan Kabi (Argungu): Wato kihi ka biyan haraji da bakinai. To, Allah shi kyauta.

Ɗan Gaya (Nijar): Gaisuwa ga Baba. Ni abin da ya ja hankalina 'yar robar nan ce. Mu nan bakin Isa, wato kogin Neja, tsage ma haka yake, abu mai ƙyalli in yana gudu cikin ruwa sai ya bi shi. Muna yara mukan yanke marfin gwangwani mu lanƙwasa mu ɗaura wa ƙugiya, a ja da sauri. Sai dai shi tsage ba ka sa masa yatsa a baki, in ba ka gaji da yatsan ba. Kuma zare sai ka haɗa da waya a gaba, in ba haka ba ya datse.

Ɗan Haɗeja: To ni ga shawara. Tunda kifin nan yana da farin jini har ana gasar kuɗi a kansa, me zai hana a kawo irinsa a zuba a Tiga ko Challawa? Masu kuɗin Kano su riƙa zuwa wasa suna biya, mu kuma in sun juya baya mu soye.

Ɗalibin Kifi (New Bussa): Kul! Yaya, ko da wasa kada ka sake faɗa. An kai bas Japan a 1925 don irin wannan nishaɗin. Da ya shiga tafkin Biwa, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, ya yi wa kifayen asalin wurin ɓarna har masunta suka koka. Tun 2003 hukumar yankin ta hana a mai da shi ruwa in an kama, har akwatuna aka ajiye a bakin tafkin na zuba shi. Kuma a tafkin ne wani Bajapane ya kama wanda ya yi kunnen doki da na George Perry a 2009, ka ga irin ƙibar da ya yi da kifin mutane. Kifi ɗaya, a Tenesi in ka kashe shi a harare ka, a Biwa in ka sake shi ka karya doka.

Ba sai mun je nesa ba ma. Giwan ruwan da Baba yake alfahari da shi, a Kabi ɗan gida ne, sauran kifaye sun san yadda suke zama da shi. Da aka zuba shi a tafkin Victoria da ke gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa da babu irinsu a ko'ina a duniya suka ɓace. In muna son kifin wasa, ga tsage nan da Ɗan Gaya ya ambata, ga giwan ruwa. Mu fara da hana su ƙarewa.

Ɗan Haɗeja: Na janye. Dama mu namu ruwan kacala ta cinye rabinsa, kwalekwale ma da ƙyar yake ratsawa a wasu wuraren. Ba sai an ƙaro mana wani bala'in ba.

Baba Ɗan Kabi (Argungu): Yauwa ɗana na Bussa, yanzu ka zo inda ciwon yake. Ku bar ta mai ƙugiya guda, shi ko ya ci ko ya saki ba ya ƙarar da gulbi. Mu abin da ka kashe muna ruwa raga ce. Da, idon raga da yatsa muke auna shi, mai yatsa uku, mai yatsa huɗu. Wadda yatsa biyu ba su shiga, abin kunya ce a gan ka da ita. Yanzu gidan sauron da anka raba don zazzaɓi shi ne yara ka ɗinkewa su ja. Abin da ke hitowa ciki wani ko ido bai gama buɗewa ba. Bana wani ya zuba maganin ƙwari ga wani gurbi kusa da mu, da sahe kihi duk sun taso ciki sama, har kwaɗi. Anka kama shi anka amshe kayanai, kwana kaɗan sai ga kayan an maido mai, don yana da wani babba a birni. Sarkin ruwan ƙauye mi zai yi?

Ɗalibin Kifi (New Bussa): Baba, kuma ba rashin doka ba ne. Tun 1992 akwai dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta hana guba, ta hana nakiya, ta hana lantarki. A tafkin Kainji nan, a shekarun 1990 an yi wani aikin haɗin gwiwa da Jamusawa, aka zauna da sarakunan ruwa da masu gari har aka kai ga hana babban tarun nan mai ƙananan ido da ake ja zuwa gaɓa, saboda yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da ƙananan da ake nema. Abin da ya sa aka ga tasiri a lokacin shi ne an sa masu sarautar ruwa a gaba, ba ma'aikaci daga ofis kaɗai ba.

Ɗan Gaya (Nijar): Mu kuma tamu matsalar, kogi ɗaya ne ƙasa uku. Ka hana a wannan gaɓa, na tsallaken Benin yana ja, na gangaren Najeriya yana ja. Wanda ya bi doka shi ke kwana da yunwa.

Maman Sadik (Kano): Bari in faɗi wadda ba wanda ya faɗa, tunda ni ce a kasuwa. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin da Baba yake magana, busassu, a mudu ake kawo mana su, kuma ina saye. Ina saye don matar da ta zo da 'yan canjinta ba za ta iya sayen yanka ɗaya na babban kifi ba, amma za ta sayi gwangwani ɗaya na waɗannan ta daka ta zuba a miyar kuka yara su ji ƙamshi. In na ƙi saye, ta kusa da ni za ta saya, cinikin ya koma can. Mai gidan sauron nan ba don mugunta yake ja ba, ya san akwai mai jiran kayan. Ku hana daga bakin ruwa, kowa da kowa, ni ma in huta. Amma kada a ce ni kaɗai zan fara.

Malam Na-Zariya: Hajiya, ba wanda ya ɗora miki. Sai dai mai guba kam hukuncinsa daban ne da mai gidan sauro. Wannan ya cutar da wanda zai ci, ya cutar da mai shan ruwan, ya cutar da dabbar makiyayi. Ya kamata limaman garuruwan bakin ruwa su riƙa taɓo shi a huɗuba.

Baba Ɗan Kabi (Argungu): Ɗana na Bussa, dokar nan ta 1992 da kac ce, in akwai ta ga takarda ka samo muna, ka juya muna wurin da ya yi maganar guba zuwa Hausa. Ina son in kai ma sarkin ruwanmu da hakimi kahin ruwan sama su sauka, don da ruwa ya hau fadama kihi ka shiga ciyawa zuba ƙwai, lokacin ne masu gidan sauro ka hitowa.

Ɗalibin Kifi (New Bussa): In sha Allahu Baba. Akwai ta a ɗakin karatunmu. Zan ɗauki hoton shafukan in turo maka tare da fassarar, in kuma duba ko akwai ta jihar Kebbi in haɗa.